Jiragen fim ɗin Memphis Belle: ina aka bi tarihi, ina aka kauce masa?

"Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim na Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Memphis Belle, wanda ya nuna samari goma cikin jirgin Amurka mai jefa bama-bamai a fitarsu ta ƙarshe zuwa Jamus. Wani abokina ya ce jiragen duk na bogi ne, ni kuwa a idona na gaske ne. Shin irin waɗannan jiragen aka yi yaƙin da su? Kuma abubuwan da suka sami jirgin a hanya sun faru kuwa? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, na gode. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma gara a raba su tun da wuri, domin amsar ta farko ba ita ce amsar ta biyu ba. Ta farko tana kan ƙarfen da kansa: wane samfurin jirgi ne aka ɗauka a hoto, kuma ya dace da watan Mayu na 1943 da labarin ya ce a cikinsa ake? Ta biyu tana kan abin da aka sa jirgin da mutanensa suka yi a sama. A taƙaice, kai ne ka fi abokinka gaskiya game da manyan jiragen, shi kuma yana da gaskiya game da ƙananan jiragen yaƙin da ke kewaye da su, amma kaucewar da ta fi damuna ba ta cikin ƙarfe ko kaɗan.

Jirgin gaskiya da tafiyarsa

Memphis Belle jirgi ne na haƙiƙa, ƙirar kamfanin Boeing, samfurin B-17F, mai lamba 41-24485. Yana cikin rukuni na 91 na Rundunar Sama ta Takwas ta Amurka, wanda ke da sansani a Bassingbourn kusa da Cambridge a Ingila. Matuƙinsa Robert Morgan ne, yana da shekara 24 a lokacin, kuma ya raɗa wa jirgin suna ne saboda budurwarsa Margaret Polk, 'yar garin Memphis. Jirgi ne mai inji huɗu, kowanne da ƙarfin doki 1,200, yana ɗaukar mutum goma: matuƙa biyu, mai lissafin hanya, mai sakin bam, injiniya, mai rediyo, da 'yan bindiga huɗu. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce duk wanda ya kammala fita 25 ya gama wa'adinsa, a mayar da shi gida.

Fitarsu ta farko ranar 7 ga Nuwamba 1942 ce zuwa Brest a Faransa. Ta 25 ga Morgan da mafi yawan mutanensa ta zo ranar 17 ga Mayu 1943, kuma Lorient suka nufa, tashar jiragen ruwan Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa a gaɓar Faransa, suka dawo ba tare da wani babban tashin hankali ba. Shi jirgin sai bayan kwana biyu ya cika tasa 25, a hannun wasu mutane daban, a harin Kiel da ke Jamus. Fim ɗin na 1990 ya riƙe ranar, amma ya mayar da wurin Bremen a cikin Jamus, ya kuma canza sunayen mutanen gaba ɗaya. Belle ya je Bremen da gaske, amma ranar 17 ga Afrilu, wata ɗaya cif kafin nan, a harin masana'antar jirage ta Focke-Wulf, inda jirage 115 suka tashi aka rasa 16. Wato masu fim sun ɗauko rana mafi muni suka ɗora ta kan rana ta ƙarshe. Ba kuma shi ne jirgi na farko da ya cika 25 ba, domin wani B-17 na rukuni na 303 mai suna Hell's Angels ya riga shi ranar 13 ga Mayu. Belle ya yi suna ne saboda shi aka zaɓa aka mayar Amurka yawon tallar takardun lamunin yaƙi, kuma a kansa darakta William Wyler ya gina fim ɗinsa na gaskiya da ya fito a 1944.

Manyan jiragen: na gaske ne, amma an yi musu kwaskwarima

An ɗauki fim ɗin a 1989, kuma B-17 guda biyar masu tashi da gaske aka tara: biyu daga Amurka, biyu daga Faransa, ɗaya kuma, mai suna Sally B, daga Duxford a Ingila. Matsalar da masu shirin suka tarar ita ce ɗaya kaɗai daga cikin biyar ɗin samfurin F ne, sauran huɗun duk G ne, wanda bai iso fagen daga ba sai wajen ƙarshen 1943. Dalilin haka a fili yake. An ƙera B-17 guda 12,731, daga ciki F 3,405 ne, G kuwa 8,680. Samfurin F shi ya sha wutar 1942 da 1943, aka kakkaɓo da yawa, sauran suka tsufa aka narkar da su, har yau waɗanda suka rage ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Waɗanda suka tsira bayan yaƙi yawancinsu G ne na ƙarshe-ƙarshe da suka fito daga masana'anta yaƙi na gab da ƙarewa, suka samu aikin farar hula: kashe gobarar daji da feshin magani a Amurka, ko ɗaukar hoton ƙasa daga sama don zana taswira, kamar yadda hukumar taswira ta Faransa ta yi da su shekara da shekaru, har a ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashinta a lokacin.

Bambancin da ya fi fitowa fili tsakanin F da G shi ne ɗan ɗakin bindiga mai juyawa da ke ƙarƙashin hancin G, mai ɗauke da bindigogi biyu. Wannan ba ado ba ne, kuma tarihinsa ya shafi labarin fim ɗin kai tsaye. Tun a Nuwamba 1942 matuƙan Jamus, bisa jagorancin Egon Mayer, suka gane cewa raunin B-17F yana gabansa, sai suka koma kawo hari gaba da gaba, suna nufar gilashin da matuƙa da mai sakin bam ke zaune a bayansa. Mutanen sansani suka riƙa huda gilashin hanci suna cusa ƙarin bindigogi da dabararsu, kafin masana'anta ta kawo maganin dindindin. Don haka da an bar wannan ɗaki a jikin jiragen fim, da an ba samarin Mayu 1943 kariyar da ba su da ita. Masu shirin sun cire shi, suka kuma yi gyara a mazaunin ɗan bindigar wutsiya da sauran wuraren da ke tona asirin samfurin, suka shafa fenti kore mai duhu a sama da toka-toka a ciki, tare da farin tauraro cikin shuɗin da'ira ba tare da sandunan gefe ba, domin sandunan nan sai ƙarshen Yuni 1943 aka ƙara su. A nan sun cancanci yabo.

Yadda nake duba irin wannan a aikina shi ne in tsayar da fim a wurin da jirgi ya juyo da hancinsa, in ajiye hoton lokacin yaƙi na jirgin da ake kwaikwayo a gefensa, in bi su sashe-sashe daga gaba zuwa baya. Idan ka yi haka da wannan fim, ka sa ido a kan tagogin gefen hanci, inda bindigogin kumatu suke, da siffar gilashin gaba, za ka ga jiragen biyar ba su zama iri ɗaya ba, domin ƙashin G yana nan a ƙarƙashin kwaskwarimar. Abu ne da sai mai nema yake gani, kuma ban ɗauke shi laifi ba. Game da ainihin launin fenti kuwa, ba na yanke hukunci mai tsauri a kan kowane fim, saboda fentin kan koɗe da rana da ruwan Ingila cikin 'yan watanni, hotuna masu launi na wancan zamani su ma sun koɗe, jirage biyu na sansani ɗaya ba lallai su yi kama ba.

Ya kamata ka san kuma cewa aikin bai tafi lami lafiya ba. A watan Yuli 1989 ɗaya daga cikin jiragen Faransa ya kauce daga titi yana ƙoƙarin tashi a Binbrook da ke Ingila, filin da aka ɗauki mafi yawan fim ɗin, ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus, mutum goman da ke ciki suka tsallake rijiya da baya. Jerin jirage masu yawa da ka gani sun cika sararin sama kuwa haɗi ne na waɗannan 'yan kaɗan ɗin da ƙananan samfura da dabarun ɗaukar hoto, domin a lokacin kwamfuta ba ta kai ga zana su ba.

Ƙananan jiragen yaƙi: a nan abokinka ya yi gaskiya

Jiragen rakiyar da fim ya nuna P-51 Mustang ne, kuma babu Mustang ko ɗaya da ke raka B-17 a Mayu 1943. Sai a Disamba na wannan shekara samfurin B ya fara wannan aiki daga Ingila, samfurin D mai rufin gilashi kamar kumfa kuwa sai tsakiyar 1944. Masu rakiya a lokacin Belle su ne Spitfire na Ingila da P-47 Thunderbolt na Amurka, wanda shi ma sai a watan Afrilu ya fara aiki sosai. An yi amfani da Mustang ne kawai saboda shi ake samu da yawa yana tashi a 1989.

Wani zai ce ai jirgi jirgi ne, me ya yi zafi? Abin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne gaba ɗayan tarihin 1943 ya rataya ne a kan rashin jirgin rakiya mai dogon zango. Spitfire da Thunderbolt na lokacin sukan raka su zuwa gaɓar Turai ko ɗan ciki kaɗan, mai ya ja baya su juya, su kuma matuƙan Jamus suna sane, sai su jira a juya kafin su afka. Wannan giɓi ne ya jawo asarar jirage 60 a harin garuruwan Schweinfurt da Regensburg na Jamus ranar 17 ga Agusta 1943, da wasu 60 a Schweinfurt ranar 14 ga Oktoba, har aka dakatar da shiga can cikin Jamus na wani lokaci. Mustang shi ne jirgin da ya toshe giɓin, ya riƙa kaiwa har Berlin ya dawo. Fim ɗin ya nuna masu rakiya suna juyawa saboda ƙarancin mai, wanda shi ne gaskiyar 1943, amma ya ɗora wannan rauni a kan jirgin da aka san shi da kawar da shi. Mai kallon da ya san jirage zai ga an haɗa lokuta biyu da ba su haɗu ba.

Na ɓangaren Jamus ma ba Messerschmitt Bf 109 na asali ba ne. Hispano HA-1112 ne, wanda Sipaniya ta ƙera bayan yaƙi a kan gangar jikin 109, amma da injin Rolls-Royce Merlin na Ingila. Gane shi ba wuya: injin Jamus na Daimler-Benz a kife yake, don haka bututun hayaƙinsa suna ƙasa-ƙasa a gefen hanci, hancin kuma siriri ne, na Sipaniya bututunsa suna sama, kuma yana da wani kumburi a ƙarƙashin farfela. Ban da haka, jirgin da 'yan B-17 suka fi haɗuwa da shi a sararin Faransa a wancan lokaci shi ne Focke-Wulf 190, amma babu mai tashi da za a samu lokacin ɗaukar fim ɗin.

Abin da ya faru a sama

Kusan kowane bala'i da fim ya nuna yana da tushe a wani wuri. Ƙafafun B-17 da lantarki suke sauka, kuma idan ya ƙi akwai hannun juyawa da ake saukar da su da ƙarfin damtse. Matuƙa sun sha kifa jirgi ƙasa da gudu don iska ta kashe wutar inji. Ɗan bindigar da ke cikin ƙwallon gilashin nan na ƙarƙashin ciki, wanda akan zaɓi mafi ƙanƙantar jiki, yana shiga ne bayan an tashi, ya duƙunƙune gwiwoyinsa kusa da kunnuwansa, laimar saukarsa kuma tana can sama cikin jirgi saboda babu wurinta. Hatta jirgin Jamus da ya faɗo ya datse B-17 yana da makamancinsa: ranar 1 ga Fabrairu 1943 a sararin Tunisiya wani 109 ya tsaga bayan jirgi mai suna All American har wutsiyarsa tana lilo, amma ya koma sansani. Abin da bai faru ba shi ne duk waɗannan su taru a kan jirgi ɗaya a yini ɗaya. Belle na gaskiya ya sha harbi, an taɓa yi wa wutsiyarsa kaca-kaca, an canza masa injuna, amma babu wanda ya mutu a cikinsa. Zancen mataimakin matuƙi ya bar kujerarsa ana tsakiyar faɗa ya tafi wutsiya don ya ɗanɗana harbi kuwa, wannan ƙagen marubuci ne. Akwai dai al'adar a zaunar da wani hafsa matuƙi a wutsiyar jirgin da ke jagora don ya riƙa sanar da yadda sahu yake, amma tun daga ƙasa ake tsara hakan.

Abin da kowane fim ke kasa nunawa sosai shi ne sanyi da ƙarancin iska. A tsayin ƙafa 25,000, kimanin mita 7,600, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, kuma tagogin 'yan bindigar tsakiya na samfurin F a buɗe suke, iska na shigowa kai tsaye. Wanda ya cire safar hannu ya taɓa bindiga, fatarsa kan manne da ƙarfen. Numfashi kan daskare a cikin takunkumin oksijin ya toshe shi, sai mutum ya riƙa matsa robar yana farfasa ƙanƙarar, kuma wanda iskarsa ta yanke yana da 'yan mintuna kaɗan kafin hankalinsa ya gushe, sau da yawa ba tare da ya ji alamar komai ba. Shi ya sa ake kiran sunan kowa ta waya lokaci-lokaci don a ji ya amsa. A fim dole ne a ga fuskar ɗan wasa, don haka akwai wuraren da takunkumi ke rataye a gefe, ana ta hira da ihu fiye da yadda horo ya yarda, alhali wayar cikin jirgi ita ce hanyar da ake sanar da inda maƙiyi ya ɓullo. Harin gaba da gaba kuma ƙiftawar ido ne, domin gudun jiragen biyu idan aka haɗa ya haura kilomita 800 a sa'a. Cikin wannan ruɗani 'yan bindiga da yawa kan harbi jirgi ɗaya kowa ya ce shi ya kayar: a harin Lille da ke Faransa na 9 ga Oktoba 1942 sun yi iƙirarin kakkaɓo 56, takardun Jamus kuwa sun nuna asarar ba ta wuce biyu ba. Ban taɓa tashi cikin B-17 ba, abin da na faɗa a nan daga rahotannin sansani da bayanan waɗanda suka yi aikin na samo shi, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan sanyin nan.

Zancen makaranta

Yanzu ga wurin da na fi so ka riƙe. A ƙololuwar fim, hayaƙi ya rufe masana'antar, matuƙi ya ƙi a saki bam, ya sake kewayowa da dukan sahu cikin ruwan harsasai, domin kada a sami makarantar da ke kusa, daga ƙarshe bama-bamai suka faɗa daidai inda ake so. Sake kewayowa ya faru a wasu hare-hare, ko da yake abu ne da kowa ke ƙi, saboda 'yan bindigar ƙasa sun riga sun auna tsayinka da gudunka. Abin da ba gaskiya ba shi ne tunanin cewa daga wannan tsayi ana iya raba masana'anta da makarantar da ke maƙwabtaka da ita. Na'urar auna bam ta Norden tana da kyau a sararin gwaji mai haske, amma a Turai akwai gajimare, hayaƙi, iska mai ƙarfi da firgici. Bugu da ƙari, a tsarin da Curtis LeMay, wani kwamandan sojan saman Amurka, ya kawo, mai sakin bam na jirgin gaba ne ke aunawa, sauran su saki nasu da sun ga nasa sun fita, don haka bama-baman kan bazu gwargwadon faɗin sahun gaba ɗaya. Binciken da gwamnatin Amurka ta yi da kanta bayan yaƙi ya nuna kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai na bama-baman da aka auna suka faɗa cikin ƙafa 1,000 daga inda aka nufa.

Ga abin da hakan ke nufi a ƙasa. Ranar 5 ga Afrilu 1943 jiragen Rundunar Sama ta Takwas suka nufi masana'antar Erla da ke gyara wa Jamus jirage a Mortsel, kusa da Antwerp a Beljiyam. Kaɗan ne daga bama-baman suka sami masana'antar, sauran suka zuba a unguwar jama'a, suka rushe makarantu, mutum 936 suka mutu, fiye da 200 daga cikinsu yara ne. Waɗannan ba ma Jamusawa ba ne, mutanen ƙasar da aka mamaye ne. Morgan da mutanensa suna cikin wannan fita, a wani jirgi daban mai suna Bad Penny. Ba ina cewa sun yi da gangan ba ne, kuma ba na rage musu jarumta, domin rundunar nan ta rasa mutum kusan 26,000 kafin yaƙi ya ƙare, yawancinsu samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Amma fim da ya ɗauki sunan wannan jirgi, ya kuma zaɓi makaranta a matsayin shaidar cewa ana iya jefa bam da tsabta, ya gaya wa mai kallo akasin abin da ya faru makonni shida kafin ranar da yake ba da labari. Kuskuren Mustang rashin kayan aiki ne ya jawo shi, wannan kuwa zaɓi ne na marubuta, kuma a wurina ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Idan kana son ka auna da idonka, nemi fim ɗin Wyler na 1944, mai kimanin minti 40, wanda ake samu a intanet. A ciki za ka ga B-17F na ainihi da hancinsa ba ɗakin bindiga, da fararen layukan tururi a bayan injuna, da baƙin hayaƙin harsasan ƙasa, da jirgi yana juyawa yana faɗuwa ana ƙirga laimomin da suka buɗe. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar hotonsa, Harold Tannenbaum, ya mutu a wannan aiki a Afrilu 1943. Sai dai shi ma ka kalle shi da lura, domin sojoji ne suka ɗauki nauyinsa don ƙarfafa gwiwar jama'a: an haɗa hotunan fita daban-daban aka gabatar da su kamar hari ɗaya a kan Wilhelmshaven da ke Jamus, kuma kyamarorin ba sa ɗaukar sauti, don haka ƙarar injuna da muryoyin da ke cikin waya daga baya aka ɗora su a Amurka. Shi kuwa jirgin na ainihi, bayan gyaran shekaru masu yawa, ana nuna shi ga jama'a a gidan tarihin rundunar saman Amurka da ke Dayton a jihar Ohio tun 17 ga Mayu 2018, kuma hotunansa na kusa su ne ma'auni mafi kyau da za ka ajiye gefen fim ɗin 1990 idan za ku sake zama da abokin naka.